Kafin ka yarda a yi wa motarka "dairek"

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya samu sarari. Ba maganar siyasa na zo da ita ba, duk da dai za ta leƙo, don a ƙasar nan ko zancen facin taya ka ɗauko sai ya kai ka Abuja.

Waɗanda suka san ni sun san tsohuwar Golf 3 ɗina, wadda yaran garinmu suka raɗa wa suna Hajiya Babba. Tun kafin shekarar 2000 aka daina ƙera irinta. A ƙauyenmu, nan yamma da Dambatta, motocin da ke tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, saboda haka ita ce motar kai amarya, ita ce ta ɗauko buhun taki, ita ce kuma motar asibiti in dare ya raba.

Wani dare cikin watan Agustan da ya wuce, an sha ruwa tun magariba, wajen ƙarfe ɗaya na ji ana buga ƙyaure. Maƙwabcina ne. Ya ce, "Malam, ka taimaka don Allah, mai ɗakina ce. Tun la'asar take kan gwiwa, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta." Muka sa ta a baya tare da surukarta da ungozomar, shi ya zauna gaba. Daga garinmu zuwa kwalta hanya ce ta burji da yashi, akwai wani kwari da ake gangarawa a hau. Muna fara hawa motar ta soma fizga. Na taka totur har ƙasa, kamar na taka soso. Ta mutu. Na yi ta murɗa makulli, shiru. Bayan kamar minti biyar ta tashi kamar ba ita ba. Muka ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa. Sau uku tana yi mana haka. Tsohuwa a baya sai salati take yi, maƙwabcina ya cire takalmi yana turi a cikin taɓo, ni kuwa gumi ya jiƙe ni duk da sanyin ruwan. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba sai da ta ci mana kusan awa biyu kafin mu ga fitilun asibitin Dambatta. Allah cikin ikonsa ta sauka lafiya, an samu 'ya mace.

Abin da ya hana ni barci bayan nan shi ne, motar nan ta fi wata guda tana faɗa min. In na ɗora mata kaya sai ta riƙa shaƙewa a hawa. In na zo wuce babbar mota a hanyar Kazaure sai ta yi sanyi a daidai lokacin da nake neman ƙarfinta. Daga wajen kujerar baya kuma ina jin wani siririn kuka da ban saba ji ba. Kullum sai in ce ai tsufa ne, sai bayan kaka in an sayar da gyaɗa.

Da gari ya waye na lallaɓa da ita wajen bakanike. Ya saurari bayanina, bai ma buɗe bonet ba, ya shige ƙarƙashinta ta gefen dama, gaban tayar baya, ya fito da wani gwangwanin ƙarfe da bai wuce na lemo ba da komai. Ya tuntsurar da shi a kwano. Jama'a, abin da ya fito ba za ka ce fetur ba ne, ja ne kamar ruwan kududdufi, ga laka tana kwanciya a ƙasa. Ya ce, "Malam, wannan filtar ai ina jin tun daga Turai take a jiki." Sannan ya ce, "Ba ni da irinta a nan. Ko mu yi mata dairek ka samu ka tafi?"

Ga wanda bai sani ba, "dairek" shi ne a cire filtar gaba ɗaya a haɗa tiyo biyun da guntun bututu, mai ya wuce kai tsaye. Mota za ta tashi garau, ka ji daɗi, ka ce wannan bakaniken ya iya aiki. Amma duk lakar da ke cikin kwanon nan, da filtar ta shekara da shekaru tana tarewa, yanzu injekta za ta nufa. Ramukan da injekta ke fesa mai ta cikinsu ƙanana ne ƙwarai, tsakuwar da ido ba ya gani ta isa ta toshe su. Ka guji kashe kuɗin gwangwani, ka faɗa kashe na injekta. Na ce, "Oga, a'a. Karkaɗe min ita ka mayar, in lallaɓa gida, zan aika a sayo."

Ba ina zagin makanikai ba ne. Mutumin nan ya faɗa min gaskiya, ya ce cikin masu zuwa wajensa kaɗan ne ke yarda su sayi sabuwa, kowa sai ya ce a hura masa ita a mayar. Mu masu motar mu muka koya musu. Kuma hurawar nan yaudarar kai ce. Cikin gwangwanin takarda ce aka nannaɗe, in ramukanta suka cika sun cika. In ka matsa mata iska da ƙarfi ma sai ta yage, ka mayar da gwangwanin da babu abin da yake tacewa.

Na aika aka sayo min sabuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da kilif biyu da guntun tiyon mai. Duka kuɗin bai kai na galan biyu na fetur ba. Da na lissafa man da zan ƙona zuwa gari da dawowa, da yinin da zan ɓata ga shi ana tsakiyar aikin gona, sai na ce bari in gwada da kaina. Na taɓa ganin ana yi, na kuma sake tambayar bakaniken ta waya, bai ɓoye min komai ba, Allah ya saka masa.

Ga yadda na yi, ko wani zai amfana.

Da sassafe na yi, inji da sanyinsa. Na tura motar can fili gindin darbejiya, nesa da gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Gidajenmu dangar kara ce, ga rumbu, ga harawa a kan rufi, ga murhu ana ɗumame. Fetur ba sai harshen wuta ya taɓa shi ba, tururinsa ne ke bin ƙasa ya je ya samo wutar. Ba mu manta da Majiya ba, nan maƙwabtanmu Jigawa, inda tankar mai ta kama da wuta a watan Oktoban 2024 aka rasa sama da mutum 150. Allah ya jiƙansu. Na kori yara, na ce wa mai shayin da ke kusa ya dakata da hura wuta, na ajiye bokitin yashi a gefe.

Abu na farko, rage ƙarfin man da ke cikin tiyo. A mota mai injekta famfon da ke cikin tanki turo man yake yi da ƙarfi, kuma ko an kashe mota ƙarfin yana nan. In ka zare tiyo haka kawai a ido zai fesa maka. Sai na zare fiyus ɗin famfon, na tayar da motar na bar ta har ta mutu don kanta, na buɗe murfin tanki, sannan na kwance kan batir na ɓangaren da ke da alamar ragi. Na ja hambirki, na sa giya, na tokare tayoyin gaba da duwatsu. Ƙasarmu yashi ce, jak nutsewa yake yi, don haka na shimfiɗa masa katako. Da ta ɗagu na cusa kututturen itace mai kauri a ƙarƙashi. Don Allah kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota yana dogaro da jak kaɗai, kuma kada a yi amfani da bulon siminti mai rami, rugurgujewa yake yi ba sallama.

Sauran aikin sukuddireba da filaya ne. Na ajiye kwano a ƙasa, na naɗe bakin tiyo da tsumma, na kawar da fuskata gefe, na sassauta kilif, na riƙa murɗa tiyon a hankali har ya fita. Mai zai zubo kaɗan, ba abin tsoro ba ne. Kafin in cire tsohuwar na duba inda kibiyar da ke jikinta ta fuskanta. Kowace filta tana da wannan kibiya ko rubutun da ke nuna mashiga da mafita, kuma inji take nunawa, ba tanki ba. Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ɗaya daga cikin tiyon nawa ya tsattsage a baki kamar kaushin ƙafa, na canza shi. Tiyon mai daban yake da tiyon ruwa, wanda magina ke auna lebur da shi fetur zai cinye shi. Kuma a sa kilif na gaske, ban da ɗaurin waya ko robar tayar keke. Na ɗaure komai, na mayar da fiyus da kan batir, na murɗa makulli sau uku ba tare da na tayar ba don famfo ya cika filtar, sannan na tayar. Na bar ta tana aiki na durƙusa ina leƙe ko zan ga ɗigo. Babu. Duk da rashin sabo, aikin bai ci min awa ɗaya ba.

Masu mota mai kafireto, irin tsohuwar Fijo 504 da PAN ta riƙa haɗawa a Kaduna, naku ya fi sauƙi. Galibi 'yar filtar roba ce a cikin bonet da kake hango dattinta da ido, kafin shayi ya huce ka gama. Amma motoci da yawa na baya-bayan nan filtarsu a cikin tanki take, haɗe da famfo. Wannan ba aikin gindin bishiya ba ne, a kai wa masu shi. Na dizal ma da nasa tsarin, sai an fitar da iska daga layin mai in ba haka ba ba za ta tashi ba.

To yanzu ga abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu.

Da na gama na ɗauki zarto na yanka tsohuwar biyu, bayan na bar ta kwana biyu ta bushe. Takardar ciki ta koma kamar an tsoma ta a kunun kanwa an shanya. Sai na tsaya ina tunani, daga ina wannan ƙasa ta fito? Da Fijo ce sai in ce tankin ƙarfe ne ya yi tsatsa. Amma tankin Golf 3 na roba ne, ba ya tsatsa. Ke nan duk abin da ke cikin gwangwanin nan ta bakin tanki ya shiga. Da kuɗina na saye shi, lita-lita.

Ku dubi yadda mai ke isowa ƙauye. Gidan mai yana bakin kwalta, mu muna ciki. Mai babur, mai injin ban ruwa a wajen Dam ɗin Thomas, mai injin niƙa, mai mota irina, mafi yawan lokuta wajen 'yan bumburutu muke sha. Daga famfo zuwa jarka, daga jarka zuwa galan, daga galan zuwa kwalba, daga kwalba zuwa mazurarin da ya yini a kan tebur a bakin hanya yana shan ƙura. In hunturu ya shigo kuwa sai abin da hali ya yi. Da damina ga raɓa da yayyafi. Ba na cikin masu tsine wa 'yan bumburutu, domin in babu su ranar da matar wani za ta haihu da tsakar dare babu inda za a samu mai. Yaranmu ne, neman halak suke yi. Abin da nake roƙonsu kawai, a rufe galan, a kife mazurari a cikin leda, a ɗaura masa ƙyalle mai tsabta in za a zuba. Gidajen man ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tankin ƙasa in ya tsufa yana tara laka da ruwa. Ni dai yanzu in na tarar tanka tana sauke mai a gidan mai wucewa nake yi, don lokacin ne abin da ya kwanta yake tasowa.

Sannan ga halin da muka shiga tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Wa ke cika tanki yanzu? Kowa na lita uku ne, lita biyar, allura kullum tana kwance a ja. Shi kuwa famfon da ke cikin tanki man ne ke sanyaya shi. Ga ƙarancin mai, ga filta a toshe yana ta faman turi, dole ya yi zafi ya riƙa kuka. Kukan da nake ji daga baya ke nan. Da na ƙara wata ɗaya da famfon zan saya, wanda ya ninka kuɗin filta sau da yawa.

A watan Yunin shekarar dai aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ma'anar wannan a wajen manomi ko malamin firamare ita ce, motar da ke hannunka ita ce motarka. Zancen a sayar a ƙara kuɗi a ɗauko 'yar Kwatano ya zama tarihi ga irinmu. Tsofaffin Golf da Sharon da Starlet da kuke gani suna jigilar mutane da awaki ranar Lahadi zuwa kasuwar Dambatta, su ne za su ci gaba da ɗaukar mu shekaru masu zuwa. In mun kashe su da ganganci, jaki da amalanke za mu koma, kuma mai naƙuda ba ta jiran amalanke.

Shi ya sa nake ganin ƙananan ayyukan nan, canza filtar mai, wanke filtar iska, duba fulogi, duba ruwan lagireto, ya kamata su zama ilimin cikin gida ga duk mai mota a ƙauye, kamar yadda kowane manomi ya iya gyara ƙotar fartanyarsa ba sai ya je maƙera ba. Na san wani zai ce Malam kana so ka kashe wa makanikai kasuwa. Ko kusa. Bakanike ba da canza filta yake ci da iyalinsa ba. Aikin inji, giya, birki, wayarin, duk nasa ne, kuma wanda ya taɓa birki bai iya ba ya ɗauki alhakin rayuka. Wani kuma zai ce ai haɗari ne a ce kowa ya riƙa wasa da fetur a gida. Wannan maganar tana da ƙarfi, ban raina ta ba, shi ya sa na daɗe a kan zancen wuta da jak. Wanda ya san hannunsa na rawa, ko ba shi da fili nesa da murhu, ya kai gareji. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bar ta shekara goma ba a taɓa ba, ko a yi dairek.

Amma kada mu ɗora wa talaka komai mu bar masu iko suna hutawa. Akwai dattin da filta ba ta iya tarewa. Ku tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da kima daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Hukumar NMDPRA da kanta ta tabbatar, aka janye man daga kasuwa, aka yi makonni ana layi a gidajen mai, masu motoci suna kukan injinansu sun lalace. Irin wannan gurɓatar a narke take cikin man, ko sabuwar filta ka sa wucewa za ta yi. Ka ga ikon Allah, motocin namu 'yan Beljiyam muke ce musu, ga man da ya zo kashe su shi ma daga can. Dokar man fetur ta PIA da aka sa wa hannu a 2021 ita ta kafa wannan hukuma, kuma kula da ingancin man da ake sayarwa yana cikin aikinta. A da in ka yi ƙorafi sai a ce maka ai mai araha kake sha, gwamnati ke cika maka. To yanzu cikakken kuɗi muke biya. Ga matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur tun Satumban 2024, aka yi ta musayar yawu a jaridu kan wane mai ya fi wane kyau. Mu a nan abin da ya dame mu shi ne wanda ya fito daga bakin famfo a Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi. Abin da nake nema ba shi da yawa: a riƙa ɗibar samfur a gidajen man ƙananan hukumomi ba na cikin birni kaɗai ba, a liƙa sakamakon da kwanan wata a jikin famfo inda mai saye zai gani. 'Yan majalisarmu na wannan yanki da ke karanta shafin nan, kuma na san wasunku suna leƙowa, ga abin da za ku iya tambaya a zaure ba tare da an ware ko sisi ba.

Haka zancen jabun kaya. Akwai filtar da za ka saya, fentinta na sheƙi, kwalinta da rubutun Jamusanci, ka girgiza ka ji wani abu na kaɗawa a ciki. Wanda ya sayo min tawa ya ce mai shagon sai da ya tambaye shi, "Ta gaske ko ta lallaɓawa?" Ku ji fa. Ni shawarata, ka tafi da tsohuwar a hannu ko hotonta a waya, ka gwada nauyinsu, ka duba bakin ya yi daidai da tiyonka, ka sayi wajen wanda in ta ba da matsala za ka iya komawa ka same shi. Hukumar SON kuwa ga aiki nan jibge.

Sau nawa za a canza? Littafin mota da kilomita yake lissafi, mu kuwa yawancin motocinmu agogon kilomitar ya daɗe da tsayawa, kuma wanda ya rubuta littafin bai san mazurarin bakin hanya ba. Ni na yanke wa kaina sau ɗaya a shekara, da zarar ƙurar bazara ta lafa kafin ruwa ya sauka, lokacin da nake gyaran garma. In kuma na ji ta fara shaƙewa a hawa ba zan jira ba. Na rubuta ranar da na sa wannan da fenti a jikin gwangwanin, na kuma sayi ta biyu na jefa a but tare da kilif da sukuddireba.

Ranar suna na je da rabin tsohuwar filtar a aljihu. Bayan an shafa fatiha aka zauna cin waina, na fito da ita na miƙa wa maƙwabcina na ce, "Ga abin da ya sa ka turi a taɓo." Ya jujjuya ta ya daɗe bai ce komai ba, sannan ta zaga majalisa hannu zuwa hannu. Wani dattijo mai Starlet ya ce, "Ɗana, tawa fa tun da na saye ta ban san ma tana da wannan abin ba." Mun yi da shi ranar Asabar bayan an fito sallar asuba za mu duba tasa a gindin darbejiyar nan, ƙanina zai riƙe min filaya don shi ma ya koya. Wanda yake kusa kuma yana so ya gani ya zo, amma mai shan sigari ya bar ashanarsa a gida.